Kwana Nawa Ake Jiƙa Anza

Shekara uku na yi ina aiki a wani ɗan biro, wato ofis, a Tasawa, bayan tashar mota, ɗaki ɗaya da tebur biyu da fanka da ba ta kawo komai sai ƙara. Aikina rubuta wa manoma shawara da Hausa a shafin intanet: yadda ake adana wake kada ƙwaro ya cinye, lokacin sa taki, abin da za a yi wa tunkiya in cikinta ya kumbura. Wani furoje ne, shirin taimakon manoma, ya ɗauke ni. Shugabarmu tana Yamai, Madam muke ce mata, sau biyu kacal na taɓa ganinta ido da ido. A wannan ɗakin na yanke shawarar da ta fi kowace muni a rayuwata, ban ko ɗauki minti ɗaya ina tunani a kanta ba. A kan ƙanwata abin ya faɗa.

Madam ba ta yarda a rubuta abu da ka ba. Akwai wata manhaja da ta sa mana a ordinata, wato kwamfuta, muna kiranta ma'auni. Sai ka rubuta kalma, ka zaɓi ƙasar Nijar, ya gaya maka mutum nawa ke neman wannan kalmar a intanet kowane wata. Ka rubuta farashin gero, lamba ta fito mai kauri. Ka rubuta maganin basir, wadda ta fi ta kauri ta fito. Abin da mutane ƙalilan ke nema kuwa, ma'auni ba ya wahalar da kansa a kai: ko mutum biyu ne ko bakwai, sifili zai nuna maka. Na san haka tun ranar farko, a rubuce yake a ƙasan allon da ƙananan haruffan Faransanci. Amma in ka shekara kana kallon sifili, sai ka manta cewa mai yiwuwa da mutum a cikinsa.

Dokar Madam ita ce, abin da ya nuna sifili ba a ɓata masa lokaci. Ni kuma gaskiya ba dole aka yi mini ba, son abin nake. Ɗan ƙauye daga gundumar Sarkin Hausa, wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Mayahi da silifas ɗin da aka ɗaure da waya, yau ga shi yana danna maɓalli yana ganin abin da ke damun ƙasa duka. Haka nake ji a raina, har tafiyata ta canza.

Gwaggo, yayar babanmu, ita ta riƙe mu ni da ƙanwata bayan rasuwar mahaifiyarmu. Doguwa ce, ramammiya, bakinta ba ya raga wa kowa. Ta ga yunwa babba har sau biyu, kuma duk a zamanin soja. Takan ce ita dai ba ta san ko soja ke korar ruwa ba ko rashin ruwa ke kawo soja, amma in ta ji an fara kaɗe-kaɗen bariki a rediyo sai ta je ta leƙa rumbu.

Wata shekara da aka sami albarka, rumbuna suka cika, na je gida bayan girbi. Ƙanwata ma ta zo daga Issawane, inda take aure, da 'ya'yanta biyu. Shekara biyar na ba ta. Ta gama firamare, tana karatu da rubutu sarai, ni na koya mata danna salula. Da la'asar muna zaune ƙarƙashin itacen bedi, Gwaggo tana ɓarar gyaɗa, sai ta dube ni.

"Wai kai aikin mi kake can Tasawa? Kowa ya tambaye ni sai in ce yana biro, kamar biron sana'a ne."

Na yi mata bayani yadda za ta gane. Na ce duk abin da manomi ke son sani ina rubutawa, in ya tambaya a salula sai ya gani.

"To ka rubuta anza," in ji ta.

Anza ɗan itace ne da ke fitowa a fako da gefen gonaki, ganyensa kore shar ko da rani, akuya ma ba ta cika kula shi ba. In damina ta ƙi, shi ba ya ƙi. Da bazara yake 'ya'ya, a cikinsu akwai ƙwaya mai ɗacin tsiya, mai cutarwa in an ci ta haka. In an gyara ta kuwa sai ta zama abinci, shi ake kira dilo. Abincin yunwa ne, kuma a wajenmu abin kunya ne. Gidan da aka ga ana shanya anza, an san rumbunsu ya ƙare kuma ba su da wanda zai taimake su. Ni da ƙanwata mun san sunan, mun san itacen, amma ba mu taɓa gyara ta da hannunmu ba. Lokacin da aka ci ta a gidanmu muna ƙanana.

Gwaggo ta ajiye ƙwaryar gyaɗa ta fara lissafa mana. A ɓare, a shanya, a jiƙa. A zubar da ruwan safe da yamma, nesa da kaji da awaki, a sake sabo.

"Kwana nawa?" na tambaya, don in nuna ina saurare.

"Ka ji ɗan lakwal. Ba kwana kaɗai ake ƙirgawa ba, halshe ake tambaya. Akwai wadda ke sakin ɗacinta da wuri, akwai mai taurin kai irinka. Wadda ta yi gaggawa ita ka kwantawa. Ka zo da abin ɗaukar maganan nan naka in hwaɗa maka daki-daki, tun da sauran haƙora a bakina."

Ƙanwata ta yi dariya har da riƙe ciki. "Shi ke nan, Gwaggo za ta shiga salula. Yaya, ka sa hotonta da ɗan kwalinta na Salla."

"Ku yi dariya," in ji Gwaggo. "Ranarta na zuwa."

Abin ɗaukar maganar yana cikin aljihuna a lokacin, salulata ce. Ba abin da ya hana ni dannawa sai ƙyuya da son in ji abin da ma'auni zai ce tukuna. Na ce mata in na dawo.

Ranar Litinin na buɗe ordinata na rubuta anza. Sifili. Na rubuta dilo. Sifili. Na haɗa da yadda ake jiƙa, na haɗa da Maraɗi, duk sifili. A ƙarshen taronmu na waya na ambata wa Madam a gurguje, ina jin nauyin faɗa ma. Ta ce, "Zéro, ko? To mu wuce." Muka wuce. A makon na rubuta yadda ake kiwon ragon layya ya yi ƙiba da wuri, mutane suka karanta sosai, Madam ta yaba mini a gaban sauran ma'aikata.

Da na sake zuwa gida Gwaggo ta tambaye ni ina abin ɗaukar magana. Sai na tsokane ta, har yau ina jin muryata a kunnena.

"Gwaggo, na'ura ta ce duk ƙasar nan ba mai neman anzarki. Ko mutum guda."

Ta dube ni. "Na'urar taku ta taɓa kwana da yunwa?"

"Ba ta cin abinci, Gwaggo."

"Shi ya sa. Wa ya taɓa neman anza rumbu na cike? Kuma ran da anka neme ta, wa za ya hwaɗi?"

Na yi dariya, na ce tsofaffi ba sa rasa amsa. Ƙanwata ba ta nan a ranar. Ba ta ji wannan maganar ba, ni kuma ban taɓa gaya mata cewa ban rubuta ba.

A daminar da soja suka sake karɓar mulki Gwaggo ta rasu, zazzaɓin kwana huɗu. A wannan daminar ce kuma ruwa ya ɗauke a arewacin Mayahi daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Aka rufe iyaka, kuran, wutar lantarki, ya zama sai an yi sa'a, kayan abinci suka yi tashin da ba mu saba gani ba. Waɗanda ke tallafa wa furojenmu suka fara tattara komatsansu, kowa ya san biron namu kwanansa ya kusa ƙarewa. Mijin ƙanwata ya girbe abin da bai taka kara ya karya ba, ya bar mata shi da babbar salularsa, ya tafi arewa wajen haƙar zinariya tare da sauran mazan garin. Tana da ciki a lokacin.

Kowace Juma'a nake kiranta. Takan hau wani tudu bayan gari inda rezo, layin waya, ke kamawa.

"Ina hatsi?"

"Da saura, Yaya. Alhamdu lillahi."

"Ki hwaɗa mini gaskiya."

"Wallahi muna ci. Kai dai ka ji da kanka, na ji an ce aikinku na tangal-tangal."

Sau biyu na aika mata da gero ta hannun mai kabu-kabu, ɗan babur ɗin haya, sau biyun tana yi mini faɗa wai na wahalar da kaina. Na yarda da ita don yarda ta fi mini sauƙi. Ina da ma'auni a gabana yana nuna mini mutane na neman farashin gero da masara fiye da kullum, ina rubuta musu, ina ganin ina yin iyakar ƙoƙarina.

Da bazara, ranar wata Talata da hantsi, lambar mijinta ta kira ni. Muryar wata mata ce, maƙwabciyarta. Ta ce in zo, ƙanwata ba ta da lafiya, tun jiya take amai, sun sa ta a amalanke za su kai ta gidan likita. Na bar ordinata a kunne. Na hau mota zuwa Mayahi, daga can na ɗauki kabu-kabu, yashi yana kayar da mu muna tashi. Kafin in isa ta cika, ita da abin da ke cikinta.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan, ya ja ni gefe. Mutum ne mai hankali, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce ta zo jikinta ba jini, ga ciki, ga alamar ta daɗe ba ta ƙoshi ba, ga kuma abin da ta ci. Ya ce ba zai iya rantsuwa ya ce ga wanda ya kashe ta ba. Na ce me ta ci. Ya ce in tambayi matar da ta kawo ta.

Bayan an kai ta makwancinta, maƙwabciyar ta kira ni cikin ɗakin ƙanwata. Dattijuwa ce, ta kusa sa'ar Gwaggo. Ta ja labulen da ke bayan gado. Tukunya ce a wurin, an rufe da faifai, an ɗora tsumma a kai. Da ta buɗe, wari mai ɗaci ya taso, ga ƙwayoyin anza sun kumbura a cikin ruwa kaɗan. A gefe kuma ga wata 'yar ƙwarya da sauran gero, wanda na aiko.

"Geron na yara ne," in ji ta. "Su take dama wa kunu. Ita wannan take ci. Da tsakar rana take hita ɗiba, lokacin da kowa ke cikin inuwa, ta rufe da ciyawar awaki. Sai jiya ta hwaɗa mini, da ta ga abin ya hi ƙarhinta. Kwana biyu ta jiƙa. Ruwan ma sau guda ta sake, rijiya ta yi nisa ga mai ciki."

"Me ya hana ta tambaye ki?"

"Ta ce kada a ce mijinta ya tahi ya bar ta da yunwa. Kada a ce tana da wa ma'aikaci a Tasawa amma tana cin dilo."

Sai ta kama hannun rigata ta ja ni, muka fita, muka shiga gidanta, danga ɗaya ce tsakaninsu. A bayan ƙofar ɗakinta ta ɗaga wata tabarma. Tukunya ce, da faifai a kai.

"Wata guda ke nan ni ma shi nake ci," ta ce, tana kuka. "Da ta ɗaga murya kawai daga inda take. Da na san tana yi, da na gwada mata. Ni ina ɓoye mata, ita tana ɓoye mini. Ka bi gidajen unguwan nan ka ɗaga tabarmi ka gani."

Ban bi ba, ban da ƙarfin bi. Kafin in tafi ta ba ni salular mijin, ta ce in sa mata wuta in neme shi in sanar da shi, su ba su iya ba.

A Mayahi na sami inda na yi caji, a shagon wani mai faranti na hasken rana. Da ta kunnu na shiga neman lambar abokin tafiyarsa, sai hannuna ya taɓa wurin bincike. Abin da aka nema na ƙarshe yana nan a jere. Layi na farko, da rubutunta na 'yar firamare: kwana nawa ake jiƙa anza. Na danna don in ga abin da ta gani. Shafukan Turanci da Faransanci ne masu sunan itacen na masana, da wata waƙa da ba ta da alaƙa da komai. Layi na biyu shi ne ya zaunar da ni a ƙasa a gaban shagon mutane. Sunan shafinmu ta rubuta, ta haɗa da anza, ta haɗa da Gwaggo.

Ba ta iya tambayar maƙwabciya ba, ba ta iya tambayata a waya ba, amma ta tuna la'asar ɗin nan ta ƙarƙashin bedi. Ta hau tudu da tsohon ciki ta nemi abin da na ce zan rubuta, don salula ba ta kai gulma. Abin da shafinmu ya ba ta shi ne kiwon ragon layya.

Na daɗe ina jin haushin Madam, har na kira ta da niyyar in gaya mata magana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi mini ta'aziyya. Ta ce ai ma'auni abin da ya wuce yake ƙirgawa, kuma taro yake gani, ba a yi shi don ya ga mutum ɗaya ba, ta ɗauka na sani. Na sani kuwa. Na fi ta sani, don ni na san anza, na san kunyar da ke tattare da ita, kuma ni aka gaya wa ranarta na zuwa. Ita a Yamai take, ba ta taɓa jin sunan ba sai a bakina, a gurguje, ina jin nauyin faɗa. Haushin ya rasa inda zai je sai kaina, a can yake har yanzu.

Da wata ya kama na buɗe ma'auni na kwafe tambayar ƙanwata harafi da harafi. Na zaɓi watan da ta yi ta. Ina da salular a hannuna, ina ganin tambayar da idona, na san ranar, na san tudun da ta tsaya. Ma'auni ya ce sifili.

Kafin a rufe biron na ɗauki hutun da ba a ba ni ba. Na koma Issawane wajen dattijuwar nan, na je garin Kona wajen wasu tsofaffi biyu da aka kwatanta mini. Da farko kowacce sai ta ce ita ba ta san dilo ba, a gidansu ba a taɓa ci ba. Sai na ba su labarin ƙanwata, sannan su tura yara waje su fara magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauki muryoyinsu, ban sa sunan kowa ba. Abin da suka faɗa ya yi kusa da juna: kwanaki da yawa, ruwa sabo kullum, kada a yi gaggawa, in ruwa ba ya isa a haɗu gida biyu ko uku a jiƙa tare, mai ciki kuma ta nemi taimako kada ta dogara da shi. Amma yadda Gwaggo ke ganewa da harshenta cewa ɗacin ya fita duka, abin da ta ce za ta faɗa mini daki-daki, kowacce da nata bayanin, ban san wanne ne nata ba. Wannan ya tafi tare da ita.

Na rubuta shafin, na sa murya don waɗanda ba su karatu. Kan maganar tambayar ƙanwata ce yadda ta rubuta ta, ban gyara ko harafi ba. A farkonsa na sa layi guda da ba daga tsofaffi na samo ba: in kina karanta wannan a ɓoye, ki leƙa gidan maƙwabciyarki, mai yiwuwa tukunyarta na bayan ƙofa. Shi ne abu na ƙarshe da na ɗora kafin a kwashe teburan. Mutanen da ke buɗe shi ba su da yawa, wani watan ba kowa. Da bazara nakan ga an buɗe, ɗaya yau, biyu jibi, yawanci da tsakar rana.

Mijinta ya dawo bayan wata biyu, ya kwashe yaran ya kai wa 'yar'uwarsa. Salular ya ce in riƙe, shi ba ya iya kallonta. Tana cikin akwatina, gilashinta ya tsage a gefe. Lokaci-lokaci nakan sa mata wuta in buɗe wurin binciken. Layukan nan biyu suna nan, ban goge ba. Sai in danna na farko, in jira rezo ya kama. Yanzu shafinmu ne ke fara fitowa. Nakan karanta shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe, a hankali, yadda nake karanta mata darasi tana 'yar aji uku.